Bagaruwar Inna da gwajin Sakkwato

Horo Birni zuwa Shagari

Ana sallame sallar asuba muka hau babur, ni da Innata. Wata uku ke nan da gama yi mata gashi da na'ura a asibiti saboda sankarar bakin mahaifa. Yau za a shafo ɗan ruwan wurin a gilashi, a duba ko ƙwayoyin cutar sun mutu. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mana: kafin gwajin kada ta wanke ciki, kada ta sa komai. Na maimaita mata har ta ce na ishe ta. Duk ramin da babur ya faɗa, gabana ne ke faɗuwa.

Shagari zuwa Boɗinga

Motar da muka shiga a tasha ta ƙi cika. Na sauka na hau ya fi a ƙirga, har direba ya ce, "Malama, zamna, ba ke ka tura ta ba." Na sayo ƙosai, ban iya ci ba. Daga ƙarshe buhunan albasa suka cike gurbin fasinja.

A shingen Boɗinga aka tsayar da mu, iska ta ɗauke. Nan na ji wani ƙamshi ya keto warin albasa, daga zanen Inna.

"Inna, mi kinka yi?"

"Cikin ruwan bagaruwa ɗai niz zamna, sai ɗan turare. In tahi gaban likkita hakanan?"

Raina ya ɓaci, na juya fuska waje.

Sakkwato

Ma'aikaciyar jinya ba ta yi faɗa ba. Ta ce an wanke abin da za a duba, in aka ɗauka yau sakamakon zai iya ruɗin mu. Mu dawo mako mai zuwa.

Komawa

Har muka wuce Lambara fuskata tana waje. Inna ce ta taɓa gwiwata.

"Ɗiyata, shekara guda cutar ga tana sa ni wari, kowa na ja da baya. Yau ɗai niƙ ƙi a toshe mini hanci."

Kunya ta kama ni, na riƙe hannunta.

Mun iso gida bayan la'asar lafiya, mun gode wa Allah, amma amsar gwajin tana can. Na yi niyyar ɓoye kaskon turaren. Ina shiga ɗaki na tarar ta riga ni: ta naɗe shi a zane, ta miƙo mini.

"Aje wurinki. In mun dawo ki ba ni."