Kwanon Mazarƙwailar Sale

Iya, kakata ta wajen uwa, ba ta ba da tatsuniya sai lokacin dafa rake. A Gazara muke a lokacin. Da magariba, in an sauke tukunyar mazarƙwaila ta ƙarshe, sai mu kewaye sauran garwashin, ni da ƙanena Sale, hannuwanmu duk danƙo. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri."

Akwai guda ɗaya da ba ta murmushi in tana ba mu. Wata mace ce mai rumbu uku. Maƙwabciyarta tsohuwa ta kawo mata kunun kanwa a ƙwarya mai ɗinki. Matar ba ta ce ta ƙoshi ba. Ƙafa ta sa ta shure, ƙasa ta shanye kunun. Tun daga ranar ruwa ya ƙi ta. Ta zura guga, rijiya ta nutse. Ta je rafi, rafi ya ja da baya. Da harshenta ya bushe ta koma neman tsohuwar, ta tarar an binne ta.

"Sai me, Iya?" in ji Sale.

"Sai me kuwa? Tana can tana bin ruwa." Ta tona garwashi da kara. "Ƙi da baki ana gyara shi, 'yan nan. Ƙi da ƙafa, ƙasa ce shaida."

Na girma, na yi aure a Ikara, na manta. Ranar da uwarmu ta rasu, Sale ya sa aka kai ta makwanci kafin motar da na hau ta iso. Na riƙe shi a zuci. Da aka dafa rake ya aiko mini da mazarƙwaila ta fari a kwano, kamar yadda ake yi wa babbar 'yar'uwa. Na ce a mayar. Ko murfin ban ɗaga ba. Shekara bakwai ke nan ba mu gaisa ba.

Jikata mai karatu ta ce Turawa suna da kalma guda ta irin wannan ƙi na girman kai, wai asalinta shuri ne. Bakina bai iya faɗinta ba. Amma na san ta, tunda na aikata.

Jiya da hantsi Hajara matar Sale ta yi sallama. Muka gaisa, ta ajiye kwanon nan dai a gabana, dab da ƙafata.

"Yaya, bana bai iya tsayawa bakin wuta ba. Daga kwance ya ce a ɗebo miki."

"Jikin ne?"

"Ya daina cin tuwo."

Can ta miƙa hannu wajen kwanon a hankali.

"In mayar, Yaya?"

Na janye ƙafata. Na buɗe, na gutsura da sauran haƙoran da Allah ya bar mini. Ta ɗan ƙone, ba hannunsa ba ne. Na juye, na cika kwanon da daddawa, don kwano ba ya komawa fanko.

"Miƙo mini mayafina," na ce. "Ni zan kai, tun rafin bai ja ba."