Kwanon Da Na Rasa Gidan Mayarwa

Edita, ina gaisuwa. Ni tsohuwa ce yanzu, amma a shekarun da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, yarinyar mace ce ni mai ɗa ɗaya a baya, a wani ƙauye kusa da Gazawa. Gida biyar ne kacal na Kirista a garin. Majami'armu ɗakin laka ce mai rufin ciyawa, ƙararrawarmu kuwa tsohuwar galma ce da aka rataye a jikin gawo. Mijina ke karanta mana Maganar Allah, don shi ya taɓa lakol, wato makarantar boko, ni kuma aikina shara. Duk Asabar sai na share ɗakin nan ƙal, na yayyafa ruwa, na kakkaɓe tabarmi. Ina ji da kaina ƙwarai, a ganina babu wanda ya kai ni shirin ibada.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a garin, ita tana nan a Musuluncinta. Ita ta goye ni ina ƙarama. Farkon shigata addinin nan ta taɓa tambayata, cikin tsokana, wai su suna alwala kafin su tsaya gaban Allah, mu me muke wankewa? Na ɗaga hanci na ce mata mu zuciya muke wankewa. Ta yi dariya ta ce to Allah ya ba da sabulu.

Abin da ya raba mu kwanon abinci ne. Ranar Kirsimeti na dafa kaza na aika mata, kamar yadda ake yi a kowane biki, sai ga kwanona ya dawo yadda ya tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Surukarta ce ta tsaya mata a kai, na sani, amma ita ta ɗauko shi da hannunta. Abin ya ƙona min rai. Da layya ta zo ta aiko min da nama, na mayar. Shekara ta zagayo ta sake aikowa, na sake mayarwa. Gaba ta kafu, har hanyar rijiya na canza don kada in bi ta ƙofarta. Duk da haka ranar Lahadi ni ce a gaba, muryata ta fi ta kowa a waƙa.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, mutuniyar wajen Tibiri, wadda kullum takan riga kowa zuwa ta zauna shiru, ido a rufe. Na ɗauka gyangyaɗi take yi, har na zolaye ta. Ta gaya min ba barci ba ne, gari take zagayawa. Wai kafin ta buɗe baki ga Ubangiji, sai ta bi garin gida-gida a zuciyarta tana sallama. In ta iso ƙofar da sallamar ta ƙi fitowa, sai ta tashi ta je can da ƙafarta, addu'a ta jira ta dawo. Ta kira ni 'yarta, ta ce in gwada. Ba ta ambaci kowa ba, amma na san inda ta dosa.

Na gwada kuwa. Na rufe ido na bi gidan maƙeri, na bi na mai unguwa, sallama tana fita lafiya lau. Ina isowa kan layin yayata sai na ga na kauce na bi ta bayan rumbuna, daidai yadda nake yi da tulu a ka. Ashe ko a gaban Allah zagaye nake yi. Na ji kunya, amma girman kai rawanin tsiya, na ce sai bayan girbi, in hatsi ya shiga rumbu zan je.

Hatsi ya shiga rumbu, ban je ba. A lokacin ne mijin yayata ya yanke shawarar komawa wajen danginsa a ƙasar Katsina. Wata Asabar da hantsi ina cikin majami'a da tsintsiya, na ji tafiyar jakai. Ta ƙofa na hango ta a bayan kaya. Ta tsaya ta dubi inda nake, ta daɗe tana duba. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ci gaba da shara, wai kada in bar aikin Allah rabi. Da na koma gida na tarar da kwanonta a bakin ƙofata, cike da daddawa da busasshen nama. A al'adarmu ba a riƙe kwanon mutum, kuma ba a mayar da shi wofi. Na ce da rani zan bi ta, in cika shi in kai mata. Kafin rani ya tsaya aka aiko ta rasu wajen haihuwa.

Kwanon yana nan a ɗakina, fentinsa ya zube. Na roƙi gafarar Ubangiji, na kuma gaskata ya yafe min, amma baƙin cikin bai bar ni ba, don ita ba zan sake samunta in ce ta yafe min ba. Na share ɗakin ibada shekara uku ina tsammanin shiri nake yi, alhali wurin da na gaya wa yayata muna wankewa ban taɓa shi ba.

Ya ɗan'uwa mai karatu, kafin ka durƙusa, ka zauna shiru ka zagaya garinku. In ka iso ƙofar da ƙafarka ke son kaucewa, tashi ka je ranar, kada ka jira girbi. Ni har yau ina zagayawa kowace safiya, ina isa ƙofarta ina sallama da ƙarfi, babu mai amsawa.