Sa Hannun Alhassan Maiturare

Alhassan Maiturare ya shekara arba'in da biyu yana sayar da turare a 'yar kasuwar unguwarmu a Suleja. Teburinsa ɗaya ne, da akwatin gilashi cike da ƙananan kwalabe, da sirinjin da yake awo da shi. An haife shi a wani ƙauye kusa da Lambata, ya yi karatun allo har ya sauke, amma bai taɓa shiga ajin boko ba. Da ajami yake rubuta sunansa. Tun ina koyar da Turanci a sakandare na san shi da ɗabi'a guda: ba ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba. Ko ta asibiti ce, ko ta makarantar jikoki, sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya zo zaurena bayan la'asar.

Shekaru uku da suka wuce 'yan kasuwar suka kafa ƙungiya. Kamar yadda aka saba, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin aka ba shugabanci, domin sunansa ya yi wa ƙungiyar kwarjini. Aiki kuwa aka bar wa sakatare, Ghali mai shagon gyaran waya, mutum mai difloma da zafin nama.

Wata Laraba cikin watan Agusta, Alhassan ya zo da takarda. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, mene ne nominal?"

Na tambaye shi inda ya ji kalmar. Ya ce Ghali ne ya kawo masa wasiƙa, da ya nemi a bar masa ita zuwa gobe, sai Ghali ya ce masa, "Baba, ai kujerarka nominal ce. Sa hannu kawai, in kai sakatariyar ƙaramar hukuma kafin a tashi."

Na bayyana masa cewa a Turancin yau da kullum ana faɗin kalmar a kan abin da yake nan a suna amma ba shi da ƙarfi a aikace. Shugaban da aka kira haka, shi ake ambata a takarda, wani ne yake yanke hukunci. Idan kuɗi aka kira haka, to ɗan abin da ake karɓa ne don kada a ce kyauta aka yi. Na ƙara da cewa kalmar ba zagi ba ce, kuma Ghali bai yi ƙarya ba.

"Ban ji haushi ba," in ji shi. "Na san ba don Turanci aka zaɓe ni ba. Karanta mini."

Wasiƙar tana neman izinin ƙaramar hukuma a gina ɗakin janareta na shagunan kasuwar a gindin darbejiyar ƙofar gabas, filin da aka rubuta cewa ba shi da mai shi. Da na zo nan ya ɗaga hannu, ya sa na maimaita, sannan ya karɓi takardarsa ya ce in raka shi kasuwa da safe.

Wannan fili na Priscilla ne, wata mata 'yar ƙabilar Gbagyi daga wajen Izom, mai ginin tukwane. Da rani take zuwa da randuna da tuluna. Da damina tana gona, domin yumɓu ba ya bushewa. Wata uku ke nan ba a gan ta ba, ciyawa ta rufe wurin, kuma ba ta da lamba a rajistar ƙungiya. Idan aka zuba siminti a nan, babu wani gefen kasuwar da zai ɗauki randunanta.

Da safe muka tarar da Ghali yana buɗe shago. Alhassan ya ce, "Sakatare, aro mana fartanya."

Ghali ya aro, yana duba agogo. Alhassan ya duƙa a gindin bishiyar, ya share ciyawa da laka, sai ga bakin wata fasasshiyar randa a binne, daidai da ƙasa.

"Uwar Priscilla ce ta binne wannan a shekarar da na kafa teburina," in ji shi. "Haka masu tukwane suke kama wuri idan za su tafi noma. Duk wanda ya ga bakin randa ya san da mai shi."

"Baba, fasasshiyar randa ba takardar shaida ba ce."

"Teburina ma ba shi da takarda. Ranar da na kwanta jinya, shi za ku ɗora wa janaretan?"

Oluwaseun mai sayar da lemon sanyi, wanda ya fi kowa matsa wa a kawo wuta, ya yi dariya ya ce, "Sakatare, yau dai Baba ya gyara maka waya."

Ghali ya ce wa ya san ma ko matar za ta dawo. Alhassan ya ba shi lambar wayarta, Ghali ya kira, ya buɗe murya kowa yana ji. Priscilla ta ce tana gona, sai an haƙe doya za ta shigo. Sannan ta tambaya, "Baba Maiturare, randar mama tana nan?"

"Tana nan, 'yata."

Ghali ya tuna masa cewa sakatariya ba za ta karɓi wasiƙar ba sai da hannun shugaba. Alhassan ya miƙa masa ita yadda ya karɓa. Ya ce, "Malam ya ce suna kawai nake da shi a ƙungiyar nan, na kuwa yarda. Amma ba zan ɗora shi a kan 'ba shi da mai shi' ba, alhali na san mai shi."

An gina ɗakin janaretan a bayan shaguna, kusa da kwata. Wayar wutar ta ƙara tsawo, aikin ya ƙara wata biyu, mutane suka yi ta gunaguni. A taron ƙarshen shekara aka gyara tsarin mulkin ƙungiya, aka mayar da Alhassan uban ƙungiya, aka ce daga yanzu hannun sakatare ya wadatar. Ni Ghali ya kawo wa daftarin in gyara masa Turancin, na kuwa gyara, har da waƙafi biyu da ya manta.

Takarda ta ƙarshe da Alhassan ya sa wa hannu a matsayin shugaba ita ce sabuwar rajistar 'yan kasuwa. Sai da na karanta masa ita suna bayan suna, har muka iso lamba ta arba'in da bakwai: Priscilla, tukwane, gindin darbejiya. Sannan ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami.

Cikin watan Nuwamba Priscilla ta iso a bayan a-kori-kura da randuna goma sha biyu. Ta jera su inda uwarta take jerawa, Alhassan kuwa yana teburinsa yana awon turare.