Maɓallin da Ya Goge a Amfilifayar Baba

Shekarun baya, lokacin da kunnen mahaifina ya fara nauyi, na yi wata ɗawainiya da har yau idan na tuna sai na yi wa kaina dariya, sannan in yi hamdala.

Mahaifina tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Shekara da shekaru yana cikin ƙarar inji a tasha, don haka ba mu yi mamaki ba da jinsa ya ragu bayan ya yi ritaya. Abin da ya dame mu shi ne yadda ya fara janye jiki. A gidanmu na Fagge, da yamma kowa falo yake taruwa a kalli labarai, shi kuma yana kan kujerarsa yana yi mana sharhi, wani lokaci har ya ƙaryata mai karanta labaran. Da na sayo mana siririyar talabijin ɗin nan ta bango, hoto ya yi kyau, amma muryarta kamar ta mai jin kunya. Ko an ƙure ta, Baba leɓe kawai yake gani yana motsi. Da farko yana tambayarmu me aka ce. Daga baya ya gaji da tambaya, ya koma ɗakinsa, kujerar ta zauna ba kowa. Mahaifiyata ta ce mini abin yana cin ransa, faɗa ne kawai ba zai yi ba.

To, a saman kabad akwai tsohuwar amfilifayarsa mai rediyo a jiki, lulluɓe da ƙyalle, ga manyan lasifikunta biyu a lungu an mayar da su wurin ajiye tire. Tun kafin a haife ni ya saye ta. Muna yara ko ƙura ba a yarda mu goge mata ba.

Ni kuwa a lokacin caja da iyafis nake sayarwa, kuma duk wanda ya yi wata uku yana sayar da caja sai ya fara jin kansa injiniya. Na ƙudurta zan haɗa talabijin da amfilifayar, in dawo da Baba falo. Na bari sai da ya tafi Zariya dubiya na kwana uku, don ya dawo ya ga abin mamaki.

Na sauko da ita, na jawo waya daga ramin iyafis na talabijin zuwa bayanta. Na kunna, fitilarta ta kama, murya ta fito tas, amma ƙasa-ƙasa kamar ana gulma. Na murɗa babban maɓallin har ƙarshe, ni mai lafiyayyen kunne ma sai na matsa kusa. Na canza waya. Na gwada ramin garmaho, sai ta hau kakari da ƙarce-ƙarce, na cire da sauri. Abokina ya zo ya duba, ya ce ta mutu murus, in kira 'yan gwangwan kawai. Kunya ce kaɗai ta hana ni amsa masa.

Mahaifiyata ta ce in jira mai ita ya dawo in tambaye shi. Na ce mata ai wannan harkar zamani ce, Baba bai san kanta ba. Ta dube ni, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ana gobe zai dawo, na rungume amfilifayar a cinya cikin adaidaita sahu har Sabon Gari, wurin wani mai gyara da aka yi mini kwatance. Kafin mu isa ƙafata ta yi tsami. Mai gyaran dattijo ne Ibo, haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Ban bari ya gama amsa gaisuwa ba na zayyana masa cutar da maganinta. Na ce ƙaramin akwatin nan mai ƙara murya nake so, wanda ake sawa tsakanin talabijin da amfilifaya. Bai yi musu ba. Ya ɗauko shi daga kanta ya ajiye a kan tebur, amma bai jona ba.

Ya tambaye ni a ina na bar muryar ita talabijin ɗin. Na ce na rage ta can ƙasa, tunda amfilifaya ce za ta yi aikin. Ya yi murmushi, ya ce ramin iyafis abin da aka ba shi yake miƙawa, idan na rage a talabijin to na rage tun daga tushe. Ya jona ta da tasa talabijin ɗin, ya ɗaga muryar sama da rabi. An samu ƙari, amma bai kai a kira shi magani ba.

Sai ya gyara tabarau, ya dinga bin ƙananan maɓallan gabanta da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan wani na gefe. Rubutunsa ya goge gaba ɗaya, ƙarfen ya yi santsi yana ƙyalli, kuma a danne yake.

"Gidanku kusa da masallaci yake?" in ji shi.

Na ce bango ɗaya ne tsakaninmu.

Ya taɓa shi, maɓallin ya yi tsalle ya fito. Murya ta cika shagon har maƙwabcinsa mai sayar da fanka ya leƙo. Ya rage, sannan ya yi mini bayani. Aikin maɓallin shi ne ya kwantar da murya nan take ba tare da an taɓa babban ba. Ya ce ya daɗe yana gyaran irin waɗannan, kuma duk wadda ta fito daga gidan da ake jin ladan, wannan maɓallin ne yake fara gogewa, don sau biyar ake danna shi a rana.

"Babanka ya danna ne aka kira salla, ya fita, ba a sake kunna ta ba. Lafiyarta ƙalau, ɗana. Tambaya ce ba ka yi ba."

Ya mayar da akwatinsa kan kanta. Ni kuwa sai a lokacin na tuna, muna yara da an fara kiran salla muryar rediyo takan faɗi da kanta, ban taɓa tunanin hannun wani ne yake yi ba.

Washegari da yamma Baba ya zauna a kujerarsa. Ba a yi minti biyar ba ya ce mai karanta labaran bai san abin da yake faɗa ba, muka san an dawo. Na ba shi labarin duka. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe sai da na kai ta Sabon Gari aka danna mini maɓalli.

Muna cikin haka aka kira magariba. Duk mun ji, ban da shi. Mutumin da ya goge ƙarfe saboda ladan, ga ladan bayan bango, shi kuwa yana zaune yana kallon talabijin. Mahaifiyata ta dube ni. Na tashi na danna maɓallin. Murya ta faɗi. Baba ya dubi amfilifayar, ya dube ni.

"An kira ko?"

Na ce an kira. Ya ɗauki hularsa.

Daga ranar har Allah Ya yi masa rasuwa, da haka yake sanin lokaci ya yi, ba sai an ɗaga masa murya ba. Ina gode wa dattijon nan da ya ga abin da ni ɗan gida ban gani ba, kuma bai sayar mini da abin da na nace sai na saya ba. Amfilifayar tana falona yanzu, tana jone da talabijin. Kunnena lafiya lau, amma da ladan ya fara sai in miƙe, yatsana ya sauka daidai inda na Baba ya goge.