Kakata Iya Hadiza da Hanyar Iska

Shekara hamsin ke nan bana da rasuwar kakata ta wajen uba, Iya Hadiza, ungozomar unguwarmu a Lafia. Ba ta san ko bihim a boko ba. Ni ma sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka yau nake rubuta ta da hannuna.

A shekarun da ake shimfiɗa layin dogo aka haifi mahaifiyata ba numfashi. Mata har sun ɗauko zanen rufa ta. Iya ta tsinko sandar ganyen gwanda, mai rami a ciki, ta datse ta gajere, ta hura mata iska a hankali har ta tsanyara kuka. Takan ce mana bututu in ya yi tsawo, ko siriri, ko ya lanƙwashe, cinye iskar yake yi a hanya. Iska mai tafiya daidai shiru take yi. In ka ji fito, wani abu ya tare ta.

Watan jiya 'yata Rakiya ta kwanta asibiti, inji na yi mata numfashi ta bututun roba da aka zura mata a maƙogwaro. Yayan mijinta, Malam Sule, ya shigo dubiya, ya ga jiki ya yi tsanani, ya juya mata kai gabas kamar yadda muke yi wa mai shirin tafiya. Nan take injin ya hau ƙara. Dangi suka ce lokaci ya yi, suka fara salati.

Ni kuwa fito na ji, siriri. Na duba, bututun ya lanƙwashe a gefen matashin kai.

Suruki ne, akwai kunya tsakaninmu. Na ajiye kunyar. Na ce, "Malam, matsa. Ba mutuwa take yi ba, hanya ka toshe mata." Na ƙwala wa nas kira, ta zo da gudu ta daidaita bututun.

Da Iya ta ga wannan inji, ba na jin zai ba ta tsoro. Kunne za ta kara, ta tambayi faɗin robar.

Ba ta bar hoto ba, kabarinta ma ya ɓace mana. Taurin kanta ta bar min: ba a sallama mutum sai an duba hanyar iskarsa. Malam Sule har yau gaisuwarsa a taƙaice take. To, ya yi ta yi. Rakiya tana gida, murya a dishe, tana yi wa yaranta faɗa.