Wanda Ake Fara Kashewa

Wata Lahadi ce da la'asar, shekarar da na shiga aji huɗu a lekwal, wato makarantar boko, an gama yankan gero ana ɗaurin damma, aka fara kashe ni. A rumfar Asumana abin ya faru, can bayan kasuwar Babankatami, rumfar zana ce da ya lulluɓe da tsohuwar tamfal don kada rana ta ɓata hoton tele. Mun cika ta maƙil, warin zufa ya haɗu da hayaƙin gurup, injin da ke ba tele wuta, kowa gwiwarsa a bayan wani. A cikin tele wani Bature yana gudu a daji, wani ƙato mai rufaffiyar fuska yana bin sa da adda, a hankali, kamar mai tafiya gona. Baturen ya yi tuntuɓe ya kife. Asumana yana tsaye gefen tele da 'yar sandarsa ta nuni, sai ya juyo ya neme ni da ido cikin duhu ya ce, "To, Hashimu ya hwaɗi." Rumfar ta fashe da dariya. Kafin dariyar ta lafa an riga an fille wa Baturen kai.

Shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu tun ina goye, jan ta nake yi, kuma duk garin an sani. Asumana kuwa daga cin rani a Abijan ya dawo da tele da bidiyo da gurup da jakar kaset. Turancin da ake yi a finafinan babu mai ji, har shi kansa, ina jin, sai dai ya ƙaga. Don haka ya tsiro da dabararsa: duk wanda ya fito a tele sai ya raɗa masa sunan wani daga cikin 'yan kallo. Mai dogon wuya ya zama ɗan mai shayi, mai son abinci ya zama ɗan mahauci, kowa ana tsokanar sa na ɗan lokaci a wuce. Ni nawa bai wuce ba. A irin waɗannan finafinan kullum akwai wanda ke tuntuɓe a fara gamawa da shi, kuma kullum sunansa Hashimu.

Finafinan banza ne fa, ko a lokacin mun san haka. Labari guda ne aka yi ta haihuwarsa, kashi na ɗaya, na biyu, na uku, kowane ya fi na baya lalacewa. Bukka guda ce a bakin tafki, samari da 'yan mata su zo yawon shaƙatawa, a ce musu kada ku shiga dajin nan, su shiga. Jinin kamar ruwan zoɓo, kan da aka sare kowa na ganin roba ce, wani ma da aka soke muna kallo yana ƙifta ido. Ƙaton an ƙona shi a na ɗaya, an nutsar da shi a na biyu, a na uku ya dawo da addarsa garas, babu wanda ya damu ya yi mana bayani. Amma duk ranar da aka ce Asumana ya samo sabon kashi daga Madawa, wallahi ko jaki ba ya samun mai kai shi rijiya. Daɗin abin shi ne mun san kusan duk za su mutu, jeri kawai muke jira, wa zai riga wa, kuma da me. Yara su yi ta gardama suna nuna tele da yatsa. A kan na farko ne kaɗai ba a gardama.

Da abin ya tsaya a rumfa da sauƙi. Sai ya biyo ni lekwal. Wani ɗan ajinmu, Aliyo, wanda ya girme mu duka don ya maimaita aji, ya samo fasasshiyar ƙwarya ya huda mata idanu, yana kifa ta a fuska lokacin hutun tara, karan dawa a hannu. Sauran su watse cikin kwazazzabon bayan aji suna ihu, ni kuma ko sauri ba ya yi a kaina. Ya taka a hankali ya iske ni, ya ɗora mini karan a wuya, dole in kwanta. Dokar wasan ita ce wanda ya mutu ba ya tashi sai an buga ƙararrawa. Haka nake kwanciya cikin rairayi mai zafi, tururuwa na bin wuyana, ina jin su suna guje-guje. In na ce ban yi, su taru su danne ni. Suka daina kira na Hashimu, sai Gawa. Har 'yan ajin farko, waɗanda majina ba ta bar hancinsu ba, suna ce mini Gawa. Na tsani sunan nan har cikin raina, kuma na tsani ƙafata saboda shi.

Abu guda na iya wanda ba su iya ba. Da yake ba na jure tafiyar gona mai nisa, babana ya zaunar da ni ya koya mini tufkar igiya da saƙar zana. Lokacin sanyi iska ta yayyaga rumfar Asumana, sai na je na durƙusa na ce, "Baba Asumana, ni zan gyara maka rumfa duka, kai kuma ka bar ni in rayu sau guda." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya yarda. Na yi ta jan gamba daga fadama bayan an taso lekwal, ina jiƙa kaba, ina tufka har tafin hannuna ya tsattsage. Inna ta kama hannun tana shafa masa man shanu tana tambaya wane aiki ne wannan, na ce na lekwal ne. Ranar da na ɗaure zana ta ƙarshe ya girgiza ta, ya ga ta yi ƙarfi, ya ce, "Kashi na huɗu na tahe. Ba ka mutuwa ciki."

Ya cika alkawari, irin nasa. Kashi na huɗu ya fara, wani ya yi tuntuɓe, aka ba shi sunan wani. Zuciyata ta yi fari. Sai ga wata siririyar Baturiya da ɗan guntun wando tana taje gashi, Asumana ya ɗora mata sanda ya ce, "Ga Hashimu." Ya riga ya kalli kaset ɗin, ya san a finafinan nan mace ce kullum ke saura. Dariyar ranar ta fi ta kowace rana. Duk ƙarar da ta ƙwalla sai a juyo a dube ni. Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a kan gwiwata. Amma ana ta mutuwa ita tana nan. Ta ɓuya, ta rarrafa, ta ji rauni a ƙafa tana jan ta kamar ni, daga ƙarshe ta ɗauki gatari ta rafka wa ƙaton a ka. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Washegari suka ɗaura mini tsohon kallabi suna ce mini Madam. Na bar su. Na ce tunda ni ce ita, to ni ke saura, kuma ni ke dukan mai ƙwarya. Doka ce daga tele, dole suka bi. Na samo kara mai kauri na sauke wa Aliyo shi a tsakiyar ƙwaryar nan har ta ƙara tsagewa. Makonnin nan, da kallabi a kaina, ni kaɗai nake tsaye idan aka buga ƙararrawa, duk suna kwance cikin rairayi. Ban taɓa jin daɗin lekwal kamar lokacin ba.

Kashi na biyar ya zo gab da bazara. Na shiga rumfar da na saƙa da hannuna na zauna gaba. Hoton farko Baturiyar nan ce, a ɗakinta, tana dafa shayi, rumfa ta ɗauka gaba ɗaya, "Hashimu, Hashimu." Na yi murmushi. Ko rubutun sunan fim ɗin bai fito ba ƙaton ya ɓullo ta bayan ƙofa ya gama da ita. Ashe haka al'adarsu take, wanda ya tsira a wancan shi ake fara sharewa a wannan. Asumana ya tsayar da kaset, ya maida baya, ya sake nunawa don waɗanda ba su gani da kyau ba. Sannan ya ce mini, "Na huɗu muka yi da kai. Wa ya yi maka zancen na biyar?" Daga ranar na koma kwanciya cikin rairayi, amma yanzu da kallabin, don sun ƙi cire shi.

Yau rumfar babu ita, Asumana ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, ko da yake sai na yi da gaske bakina ke faɗin haka. Ina ɗinki a Madawa, kuma yarana suna kallon irin finafinan nan a waya, kowa shi kaɗai a lungu, babu mai raɗa wa kowa suna. Na san hakan ya fi, amma wani lokaci ina kewar rumfa cike da mutane suna numfashi tare, ko da ni ake yi wa dariya. Babban ɗana ya tura mini jerin nan duka a wayata, nakan kalla idan aiki ya yi sauƙi, kuma sun ma fi yadda nake tunawa muni. A na huɗu nake tsayawa, don a can har yanzu ina da rai.