Kwali a Cikin Rigar Sulke

Shagona na ɗinki yana bakin hanyar da ke fita Gwaram daga Birnin Kudu. Tun da ƙanina ya shiga aikin ɗan sanda ni nake gyara masa kaki. In wando ya yi masa yawa in rage, in aljihu ya yage in yi masa faci. A shekarar da nake ba da labari yana kofur, an tura shi wani ƙaramin ofis a cikin ƙauyukan Gwaram, ba nisa da Sara.

Wata Laraba, damina ta fara ja da baya, ya shigo shagon da buhu a kafaɗa. Ya zazzage shi a kan teburin yanka, sai ga rigar sulke, irin wadda aka ce tana tare harsashi. Ban taɓa riƙe irinta ba sai ranar. Baƙinta ya koɗe, tana warin gumin mutane da yawa, madaurinta na hagu ya tsinke an ƙulle shi da igiyar roba. Ya ce su bakwai ne a ofishin, rigunan kuma biyu ne, don haka duk wanda zai tsaya a gaba shi ke sawa.

Da na juya ta sai na ji gaba da nauyi, baya kuwa shafal. Aljihun gaba yana da farantinsa mai tauri, na baya babu komai a ciki. Na tambaye shi, ya ce haka suka tarar da ita, kuma an rubuta takardar neman sababbi tun kafin zuwansa, ana jira.

“Yaya, ka yanka kwali ka cusa a bayan,” in ji shi. “Wanda ya hango daga nesa zai ɗauka cike take.”

Na ce ba zan yi ba. Na ɗauki rigar na tsallaka wurin maƙwabcina mai walda, na roƙe shi ya yanko min ƙarfe daidai aljihun. Ya ƙwanƙwasa farantin gaba da yatsa, sannan ya ce ƙarfensa na ƙofa da taga ne. Harsashin 'yan fashi zai huda shi, ya kuma kwashi ɓarɓashinsa ya shiga jiki da shi, shi kam ba zai sa hannu ba. Na kira wani ɗan kasuwa da na sani a Kano, ya ce wannan ba kayan da ake sayar wa tela ba ne.

Da la'asar na yanka kwalin taliya, na ninka shi uku, na lulluɓe da baƙin yadi na cusa. Na yi mata sabon madauri da zare mai kauri. Ɗinkin ya yi kyau, abin da ya fi damuna ke nan. Kafin ƙanina ya koma ya biya gida ya gaishe da Inna, ita kuma ta ce ya sa ta gani. Ta bubbuga ƙirjinsa, ta ji tauri, ta yi hamdala ta ce yanzu hankalinta ya ɗan kwanta. Ni dai kaina yana ƙasa.

Bayan kaka, ranar kasuwar Sara, 'yan fashi suka tare motocin 'yan kasuwa da rana tsaka. 'Yan sanda huɗu suka fita daga ofishinsu a kan babura biyu. Sajensu, wani dattijo da ya kusa ritaya, wanda na sha rage wa wando ban taɓa ganin fuskarsa ba, shi ya sa riga ɗaya ya shiga gaba. Ƙanina ba shi da komai sai kakinsa.

Ina cikin ɗinki ya kira ni ya ce suna asibiti a nan Birnin Kudu. Ko shagon ban rufe ba. Na tarar da shi zaune a baranda, hannun rigarsa duk jini, amma ba nasa ba ne. Saje aka harba, ƙanina ya riƙo shi a jikinsa tun daga can a bayan motar ɗaukar hatsi. Na zauna kusa da shi, na tambaye shi wacce rigar Saje ya sa.

“Ba ta baya aka same shi ba, Yaya,” ya ce, bai dube ni ba. “A haƙarƙari ne, inda rigar ba ta kai ba.”

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa min ba, kuma ban sake tambaya ba. Saje ya kwana biyu ya cika. Na bi su jana'iza garinsu wajen Zandam. Ya bar mata da 'ya'ya mata biyar. Wani babban ɗan sanda ya zo ta'aziyya ya ce za a duba lamarin kayan aiki, mutane suka ce Allah ya sa.

Da muka dawo Inna ta ce wa ƙanina ya ajiye aikin. Ya tambaye ta a hankali me zai koma yi, ga iyali, gonarmu kuma ko ita kaɗai ba ta ciyarwa shekara. Na ce akwai keken ɗinki ɗaya a shago da babu mai hawa. Ya yi 'yar dariya ya ce ko zare bai iya sa wa allura ba.

Kwana uku da rasuwar, kafin azahar, ya hau acaɓa ya koma bakin aiki. Na tsaya a ƙofar shago har suka sha kwana, sannan na koma ciki, domin akwai mai jiran kaftaninsa tun safe.